Jirgin faiba na hannu: gara mai bororo da mai sabon fenti

Idan aka jawo tsohon jirgin faiba daga ruwa aka kifa shi a bakin kwata, aka kankare gansakukar da ta manne masa, sau da yawa abin da ido ke fara cin karo da shi a ƙasan jirgin shi ne wasu 'yan kumbure-kumbure, wasu kamar ƙwayar dawa, wasu kamar gurjiya, jefi-jefi a ga wanda ya kai tafin hannu. Sun yi kama da bororon da ke tasowa a fatar wanda tafasasshen ruwa ya zubo wa. An fi ganinsu da hantsi ko da la'asar sakaliya, lokacin da rana ke bugun jirgin ta gefe, kowane ɗan tudu ya fitar da inuwarsa. A nan masu saye ke rabuwa gida biyu. Wani yana gani zai kaɗe rigarsa ya ce jirgin ya ruɓe, ko kyauta ba ya so. Wani kuma dillali zai dafa kafaɗarsa ya ce, ai ƙurajen fenti ne kawai, Alhaji, samfefa da gwangwani ɗaya sun gama da su, shi kuwa ya yarda ya ƙirga kuɗi. Duka biyun sun yi gaggawa, sai dai ta na farkon ciniki kawai take kashewa. Ra'ayina shi ne jirgin da ya bayyana bororonsa a fili, aka ba ka dama ka fasa ka ga zurfinsa, aka kuma rage maka kuɗi daidai da aikin da ke gabanka, ya fi zama abin saye a kan tsohon jirgin da aka kawo maka yana sheƙi, fenti bai gama bushewa ba.

A da wannan magana ta mutanen Legas da Fatakwal da Warri ce, inda jirgin faiba ya daɗe da zama motar haya. Yanzu ta iso mana. A watan Mayun 2021 jirgin da ya taso daga jihar Neja zuwa Wara a ƙaramar hukumar Ngaski ta jihar Kebbi ya nutse da mutane fiye da 150 a cikinsa, ƙalilan ne suka tsira. A ƙarshen Nuwamban shekarar aka yi na Bagwai a jihar Kano, inda yawancin waɗanda suka rasu yara ne 'yan Islamiyya da ke kan hanyar Mauludi. A Yunin 2023 sama da mutum 100 'yan biki suka halaka a yankin Patigi na jihar Kwara, a farkon Oktoban 2024 kuma aka yi na Gbajibo a ƙaramar hukumar Mokwa. Bayan irin waɗannan, hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida da gwamnatocin jihohi kan maimaita kira ɗaya: a bar jirgin katako a koma na faiba ko na alminiyam. Kiran yana da hujja, amma ba ya zuwa da kuɗi. Rezin da zaren gilashi da inji galibi daga waje ake shigo da su, kuma tun da aka saki naira a Yunin 2023 sabon jirgi ya ƙara yi wa mai fito na Yauri ko Malale nisa. Abin da ya rage masa shi ne na hannu, wanda aka ɗoro a tirela daga kudu bayan ya yi shekaru yana jigila a can.

Sai an san yadda ake ƙera jirgin kafin a gane ciwonsa. Daga waje ake farawa a yi ciki. Maƙeri yana da mazubi mai siffar jirgin, kamar yadda mai buga bulo ke da nasa. Abu na farko da zai fesa a ciki shi ne wani ƙaro mai launi da ake kira jelkot, wanda kaurinsa bai wuce na farce ba, wajen rabin milimita. Shi ne fatar nan mai santsi da mutane da yawa ke ɗauka fenti ce. A bayansa ake shimfiɗa tabarmar zaren gilashi, a jiƙa ta da rezin, a bi da rola a matse iska, a sake shimfiɗa wata, hawa-hawa, har a sami kaurin da ake so. Ƙarfin jirgin yana cikin waɗannan hawa-hawan. Jelkot garkuwa ce da ado. Ita kuma garkuwar ba ta toshe ruwa ɗari bisa ɗari. Ido ba ya ganin ƙofa, amma ruwa na ratsa ta kaɗan-kaɗan cikin shekaru. In ya shiga ya tarar da 'yar kafar iskar da rola ta tsallake, da ragowar sinadaran da ba su gama haɗewa ba ranar da aka zuba rezin, sai ya narkar da su su zama wani ruwa mai kauri. Abin da ke biyo baya duk mai girki ta san shi: a jefa busasshen zabibi a kofin ruwa, da safe a tarar ya kumbura ya yi tam, domin zaƙin ciki ya jawo ruwan waje ta jikin ɓawon. Masana na kiran wannan osmosis. Ruwa mai kaurin yana ta jawo na waje, ba hanyar fita, matsi na ƙaruwa har ya ɗaga fatar.

In aka sa tsinin wuƙa aka huda irin wannan bororo, kuma a yi da tabarau a ido don yakan yi tsartuwa, ruwan da ke fitowa yana da ɗan yauƙi a yatsa, launinsa kamar shayi marar ƙarfi, warinsa mai hawa hanci kamar ruwan khal. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza, a nan kuwa maganar ta zauna daram. Tsamin shaida ne cewa ruwan ya fara warware gam ɗin da ke riƙe zaren tabarmar da shi kansa rezin ɗin, yana mai da su asid, asid ɗin kuma na ƙara cin abin da ke kewaye da shi. In kuwa aka huda aka ga ruwa fari tas marar wari, a ƙarƙashi kuma jelkot na nan lafiya lau, to fenti ne ya saki, dillali ya yi gaskiya a wannan karon. Amurkawa sun riga mu shan wahalar wannan ciwo. A shekarun 1980 malamai biyu na Jami'ar Rhode Island, Thomas Rockett da Vincent Rose, suka bi diddiginsa, kuma abin da ya fito fili shi ne tushen cutar yana cikin kayan da aka yi aikin da su da yadda aka haɗa su. Jiragen Valiant 40 da aka ƙera a ƙarshen shekarun 1970 da wani rezin mai hana kama wuta, har saman jikinsu da ba ya zama cikin ruwa sai da ya yi bororo. Shi ya sa jirage biyu sa'annin juna, da suka yi aiki a ruwa ɗaya, ɗaya kan fito fes, ɗaya ya fito kamar mai ƙyanda.

Akwai abin da ya kamata ɗan arewa ya riƙe, wanda dillali ba zai faɗa masa ba, wataƙila ma bai sani ba. Ana zaton ruwan gishiri ne ke cin jirgi, don haka wanda ya baro gaɓar teku ya zo kogi hutu ya zo. Ga ƙarfe da inji haka ne. Ga bororo kuwa akasin haka ne. Ƙarfin jan ruwan nan ya dogara da bambancin kauri tsakanin ruwan ciki da na waje, shi kuwa ruwan teku da ma yana da nasa gishirin, don haka ruwan daɗi ya fi shi saurin shiga. Zafi kuma yana hanzarta komai. Ruwan tafkin Kainji na daɗi ne, mai ɗumi ne kusan duk shekara. A Ingila da arewacin Amurka ana ciro ƙananan jirage da yawa a ajiye su a tudu watannin sanyi su sha iska; jirgin haya a nan ba ya fita ruwa sai ya lalace. Ashe ƙurajen da aka gani ranar ciniki ba za su tsaya yadda suke ba in aka mai da jirgin ruwa ba a yi musu komai ba. Wannan ya isa ya rushe maganar mai cewa a share su.

Amma bai isa ya sa a gudu ba, domin zurfi ne ke raba bororo mai sauƙi da mai haɗari, ba yawa ba. Jirgi kan feso da ƙananan ƙuraje ɗaruruwa waɗanda duk suka tsaya tsakanin jelkot da tabarmar farko. Irin wannan yana da muni, yana da aiki, amma gangar jikin na nan da ƙarfinta. Wani kuma bororo biyar kacal gare shi, sai dai kowanne ya kai murfin kwano, ya raba hawa da hawa a can ciki. Shi ne abin tsoro, domin ƙarfin faiba yana cikin mannewar hawa-hawan da juna. Da sun rabu, kaurin na nan a ido amma kowane hawa ta kansa yake yi. Gane bambancin ba ya buƙatar digiri. A zaɓi biyar ko shida, har da mafi girma, a buɗe su da giranda a hankali. In an cire fatar aka tarar da jiki mai tauri, mai ɗan duhu, kamar ƙaron da ya daskare, lafiya. In aka tarar da zare fari, busasshe, yana tsefewa da farce kamar tsohuwar igiyar rama, to rezin ya gudu ya bar gilashi tsirara, sai a bi shi har a ga inda lafiyayyen jiki ya fara. Sannan a ɗauki ƙaramar guduma a bi ƙasan jirgin gaba ɗaya ana ƙwanƙwasawa taƙi bayan taƙi. Lafiyayyen wuri yana amsawa da ƙara mai kaifi. Wanda ya rabu yana amsawa a dushe, kamar tulun da ya tsage. Duk matar da ta taɓa sayen tukunyar ƙasa a kasuwa ta san wannan gwaji. A zagaye kowane dusasshen wuri da alli, a ja da baya a dubi abin da allin ya zana.

Yanzu a kwatanta wannan da jirgin da aka kawo yana walƙiya. Bororo yana da wata ɗabi'a da ke taimakon mai rufa-rufa: in jirgi ya yi kwanaki a tudu, ƙananan sukan lafa, wasu su ɓace wa ido, su dawo bayan an mai da shi ruwa. Manyan kuwa a goge kansu da samfefa, a cike ramin da bodi-filar masu gyaran jikin mota, a fesa fenti, cikin yini biyu an gama. Bodi-fila ba a yi ta don zaman ruwa ba. Tana sha, ta kumbura, ta ɓalle, ruwan tsamin da aka rufe a ƙarƙashinta kuma yana nan yana aikinsa. Jirgin da ya yi kwana biyu ko uku a bayan tirela daga Warri zuwa Yauri, ya ƙara mako a rana yana jiran mai saye, ya riga ya sami lokacin ɓoye ciwonsa ko da ba wanda ya yi niyyar ha'inci. Sayensa a wannan hali cinikin biri a sama ne. Mai saye ya nemi ɗayan biyu: ko a bar jirgin ya yi makonni a ruwa sannan a ciro shi a gabansa a duba cikin sa'o'in farko, ko a kankare fentin a wurare uku ko huɗu da shi zai nuna da yatsansa. Mai sayarwar da ya ƙi duka biyun ya riga ya ba da amsa.

Za a ce, kuma masu faɗar haka ba wawaye ba ne, jirgin da zai ɗauki mata da yara zuwa kasuwa ba wurin lissafin ragi ba ne. Duk wanda aka ga aibi a jikinsa a bar shi, rai ya fi dukiya. Ina girmama wannan magana, amma mai fiton da aka hana jirgi mai bororo ba sabo zai saya ba, don ba shi da kuɗin sabo. Ko ya koma tsohon jirgin katakonsa da ake kwarfar ruwa daga cikinsa tun daga wannan gaɓa har waccan, ko ya sayi wancan da aka shafe. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Sannan in aka bi bayanan hukumomi da na waɗanda suka tsira bayan manyan haɗurran nan, abubuwan da ke ta maimaituwa su ne lodi fiye da ƙima, tafiyar dare, karo da kututture, tsufan katako da rashin rigar ruwa. Hankalin da aka tattara kacokan a kan ƙurajen fata an ɗauke shi ne daga inda jirgin faiba ke mutuwa da gaske.

Ta bayansa yake mutuwa, a allon da ake ɗaura inji. A yawancin waɗannan jirage allon katakon filawud ne aka lulluɓe da faiba ciki da waje. Kowane rami da aka huda don notin inji ko matoshin fitar da ruwa ƙofa ce. In ba a toshe ta da kyau ba ruwa zai shiga katakon, kuma da yake faiba ta rufe shi ruf, ba zai ƙara bushewa ba. Cikin 'yan shekaru ya zama kamar jiƙaƙƙen burodi, alhali daga waje yana nan sumul. Injin Yamaha mai ƙarfin doki 75 ya haura kilo 100, kuma duk turin da yake yi wa jirgi da lodinsa ta wannan allon yake bi. A ɗaga ƙafar injin sama, ƙato ɗaya ya kama ta yana dannawa yana saki, wani ya zuba wa allon ido. In yana lanƙwasa, ko tsagar kusurwa tana buɗewa tana rufewa, magana ta ƙare. A kwance noti ɗaya a zura ƙusa a ramin. In ta fito da baƙin gari mai danshi, haka nan. Sai daɓen ciki, a taka shi ko'ina da diddige a ji inda ke lotsawa, domin haƙarƙarin da ke ƙarƙashi ma galibi katako ne aka naɗe. Sai soson da ake cusawa a ƙarƙashin kujeru ko daɓe don jirgin ya ci gaba da iyo ko da ya cika. Faiba ita kanta ta fi ruwa nauyi, jirgin da ba shi da wannan soso in ya cika ƙasa zai yi kamar dutse, alhali katako ko ba komai yakan bar wa mutum abin kamawa. In soson ya sha ruwa, ko an ƙwaƙule shi don a sami wurin kaya, babu sauran wannan kariya. Tsakanin jirgi mai ƙuraje ɗari uku da allo mai ƙarfi, da jirgi mai santsi kamar ƙwai da allo mai motsi, ba na ganin abin dogon tunani.

Daga ɗaya ɓangaren kuma za a kawo maganar da ta yaɗu tsakanin masu jirage a Turai da Amurka, cewa bororo ciwon ado ne, da wuya a nuna jirgin da ya nutse saboda shi. A wurinsu tana da ƙamshin gaskiya, amma a dubi irin jirgin da irin rayuwarsa. Nasu galibi na shaƙatawa ne, masu kaurin jiki, suna kwana a ɗaure a tasha mai kariya, a fita da su 'yan kwanaki a shekara, kuma kafin a saya akan kira ƙwararren mai duba jirgi ya rubuta rahoto, don kamfanin inshora yakan nema. Namu buɗaɗɗen jirgi ne marar kauri sosai, da ake turawa kan yashi da tsakuwa sau goma a yini, a loda masa buhunan shinkafa da babura da mutane. Ga kuma abin da ke ƙarƙashin ruwan. Da aka kammala madatsar Kainji a 1968 tafkin ya shanye garuruwa da gonaki da daji, har da tsohuwar Bussa, kuma itatuwan da ba a sare ba kututturansu na nan tsaye, suna matsowa sama duk lokacin da ruwa ya ja. Jikin da hawa-hawansa ke manne kan ci karo da kututture ya tsira da tsaga. Wanda ya riga ya rabu a ciki na iya darewa. Bororon da ya shiga cikin hawa masu ɗaukar nauyi, musamman a goshin jirgi inda ake karo, ya isa dalilin fasa ciniki komai arahar, in dai mutane za a ɗauka.

To in an duba an ga na sama-sama ne, allo da haƙarƙari lafiya, nawa ya kamata a rage? A nan masu saye suka fi kuskure, domin kuɗin kaya suke lissafawa su manta da kuɗin lokaci. Gyaran gaskiya sai an buɗe kowane bororo har zuwa lafiyayyen jiki, in sun yi yawa a feƙe jelkot ɗin ƙasan gaba ɗaya. Sannan a wanke, a sake wankewa, da ruwa mai tsabta, in da hali mai zafi, kwana bayan kwana. Wannan kan ba mutane mamaki, a ce ana son abu ya bushe kuma ana ta zuba masa ruwa. Dalilin shi ne sinadaran nan masu yauƙi ba sa bin iska kamar ruwa. In aka bar su za su riƙa jawo danshi, kamar gishirin da aka bari a buɗe da damina. Bushewar makonni take ɗauka, wani lokaci watanni. A manna farar leda a jikin, a like gefunanta da salatif, a dawo washegari; in ta yi gumi ta ciki, da saura. Bayan nan a mayar da zaren gilashi inda aka ci da yawa, a cike da ifoksi, dangin gam ɗin nan na Araldite amma wanda aka yi don jirgi, a shafe ƙasan duka da shi hawa da yawa, domin ya fi rezin ɗin da aka ƙera jirgin da shi hana ruwa nesa ba kusa ba. Wanda ya shafa ifoksi a kan jiƙaƙƙen jiki ya yi gyaran gangar auzinawa, ya kulle ɓarawo a ɗaki. Abu ɗaya da Allah ya ba mu, wanda mai jirgi a Fatakwal ko Landan zai yi sha'awa, shi ne hunturu. Iskar da ke fasa leɓe da diddige daga Disamba zuwa Fabrairu tana yin aikin da a can sai an kunna na'ura, sai dai a kare jikin daga ƙura ranar shafi. Amma lokacin ne kuma tafkin Kainji ke cike, amfanin gona ke fita kasuwa, fito ke da riba. Kuɗin fiton wata biyu ko uku da za a rasa shi ne babban kason farashin bororo, kuma shi ya kamata a ajiye a tabarmar ciniki tare da kuɗin ifoksi da na mai aiki. In ragin ya kai wannan, ciniki ya yi. In na gwangwanin fenti ne kawai, araha ce wadda ba ta ado.

Fuskar shari'a ma ta karkata nan. A fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu, wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin da ya sani, wanda kuma ya gano tsohon aibin da aka ɓoye masa yana da zaɓin mayar da kaya. Amma wanda ya ga aibi da idonsa ya yarda ya saya a haka, ya sauke wannan haƙƙi. Don haka mai sayen jirgi mai bororo ya gama duk maganarsa kafin a ce an sallama. Mai sayen wanda aka shafe kuwa yana da haƙƙi a littafi, amma a aikace fa? Bororon zai dawo bayan watanni, dillali ya koma kudu, mai jirgin na asali ba a taɓa ganinsa ba, kuma wa zai tabbatar wa alƙali cewa ciwon ya girmi cinikin? Haƙƙin da aka karɓa a hannu ranar ciniki a matsayin ragi ya fi wanda za a bi a kotu. A rubuta wuraren da aka buɗe da zurfinsu a gaban shaidu, a ɗauki hoton ƙasan jirgin da waya tun alli bai goge ba.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne, duk wannan dubawa wa zai yi ta? Masu gyaran faiba sun fi yawa a kudu, na'urar auna danshi ba kowa ya taɓa ganinta ba, mai fito kuma katako ya gada. Ya san ƙarar lafiyayyen katako da warin ruɓaɓɓe, amma faiba baƙuwa ce a hannunsa. Gaskiya ne, kuma shi ya sa nake ganin kiran a koma faiba ya zo da rabin aikinsa. Abin da ake buƙata ba shi da yawa: guduma, alli, giranda, leda, da mutum ɗaya ko biyu a kowace babbar kwata da aka koya wa aikin. Na'urar auna danshi ɗaya a hannun ƙungiyar masu jirage ta isa gari guda, kuma ko ita ba hukunci take yankewa ba, domin jirgin da aka ciro yanzu ko lafiyayye ne zai nuna danshi. Amfaninta kwatanta ƙasan jirgi da samansa, da bin saukar danshin mako-mako lokacin shanya. NIWA, mai hedikwata a Lokoja, ita ke da alhakin rajistar jirage da duba lafiyarsu a ruwan cikin gida, HYPPADEC da ke Minna kuma an kafa ta ne don al'ummomin da madatsun lantarki suka shafa, horar da irin waɗannan masu duba bai fi ƙarfinsu ba. Dubawar da ake yi jirgi na kan ruwa, jami'i na tsaye a gaɓa, tana ƙirga kujeru da riguna, amma ba ta ganin ƙasa, ba ta jijjiga allo. Sababbin jiragen faiban da ke shigowa yau su ne na hannun da za a yi cinikinsu a bakin Kainji da Jebba da Shiroro nan da 'yan shekaru, bayan sun jiƙu a ruwan daɗi mai ɗumi ba fita. Ya kamata sharaɗin sabunta rajista ya haɗa da ciro jirgi sau ɗaya a shekara, a kifa shi a gaban sarkin ruwa da jami'in hukuma, a ƙwanƙwasa, a rubuta abin da aka ji a katin da zai bi jirgin duk hannun da ya koma.